Kuɗin Gwamnati: Ganima Ne Ko Amana?

 

 Yau ina so mu tattauna wata magana wadda kusan kowace mai sana'a a ƙasar Ƙaraye da Rogo ta taɓa cin karo da ita, amma ba kasafai ake kawo ta a wurin wa'azi ba. Maganar kuwa ita ce ta kuɗin tallafi da rance da gwamnati ke rabawa masu ƙananan sana'o'i.

Kin dai san yadda abin yake. Da zarar labari ya ɓulla cewa an kawo fom, sai gari ya ɗauka. Daga Yammedi zuwa Turawa, daga Zarewa zuwa Fulatan, kowa na cigiyar inda ake rubuta suna. Mai ƙuli-ƙuli ta sauke kasko, mai awara ta rufe tukunya, a lalubo katin ɗan ƙasa, a miƙa wa yaro waya ya dubo lambar BVN. In Allah Ya sa kuɗin suka faɗo asusu, sai ki ji ana cewa, "Rabonki ne ya rantse. Kuɗin gwamnati ai ba na uban kowa ba ne, ci ki goge baki." To, tambayar ita ce: da gaske ne kuɗin nan ba su da mai shi? In kuwa suna da mai shi, wane ne, kuma me yake bin ki?

Ba yau aka fara ba

Iyayenmu sun ga shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida a 1987, suka ga Bankin Al'umma da aka buɗe a 1989 don bai wa talaka rance ba tare da jingina ba. A 1997 aka zo da shirin FEAP, a 2001 aka kafa NAPEP don yaƙi da talauci. Mu kuma mun ga shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015, sannan TraderMoni a 2018, inda ake bai wa mai ƙaramar sana'a naira 10,000. Da annobar korona ta zo a 2020, Babban Banki ya ware naira biliyan 50 a matakin farko, aka raba ta hannun bankin NIRSAL. Bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gwamnatin tarayya ta yi alkawarin bai wa masu ƙananan sana'o'i miliyan ɗaya naira 50,000 kowanne, aka fara biya a 2024. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin Jihar Kano ta fara raba naira 50,000 ga mata 5,200 daga ƙananan hukumomi 44.

Idan kika dubi wannan jeri za ki lura da abu ɗaya: kowane shiri yakan zo da kiɗa da gangami, bayan 'yan shekaru sai a neme shi a rasa. Akwai laifin masu riƙe da shirin, wannan ba a musu. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu karɓa muna da namu kason, kuma shi ne wanda ke hannunmu mu gyara.

Kyauta daban, rance daban

Kuskuren farko da ake yi shi ne a tattara komai a kira shi "tallafi". Alhali kuwa iri biyu ne. Akwai kyauta, wadda ba a biya, kamar naira 50,000 ɗin nan ta 2024. Akwai kuma rance, wanda dole a mayar. TraderMoni rance ne. Tsarinsa shi ne ki karɓi naira 10,000, ki biya cikin wata shida, sannan a ba ki 15,000, a yi ta hawa da ke har naira 100,000. Tsani ne aka kafa miki. Amma da yake an raba kuɗin ana gab da zaɓen 2019, mutane da yawa suka ɗauke shi goron zaɓe, suka ci, suka tsaya a matakala ta farko.

Kuɗin korona ma rance ne, har da kuɗin ruwa a kansa. Mutane da dama ba su karanta abin da suka amince da shi a waya ba. A watan Agustan 2020 Babban Banki ya fara aiki da wata ƙa'ida wadda ta ba banki damar bin lambar BVN ɗin wanda ya ƙi biya, ya ciri kuɗinsa daga duk wani asusu da yake da shi a wani banki. Shi ya sa bayan shekaru aka yi ta jin koke-koke: mutum ya sayar da amfanin gona ya ajiye kuɗi, ya wayi gari an kwashe. Bashi ba ya ruɓewa don mai shi ya yi shiru.

Saboda haka, 'yar'uwa, kafin ki dangwala yatsa ko ki ba da lambarki, ki yi tambaya uku. Kyauta ce ko rance? In rance ne, yaushe zan biya, kuma nawa? Akwai kuɗin ruwa ko babu? Wannan ta ukun kada ki yi wasa da ita, domin haramcin kuɗin ruwa a bayyane yake a ƙarshen Suratul Baƙara. Kuma yanzu ba kamar da ba ne. Bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJBank ya biyo baya a 2019, kuma a 2020 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin da suka buɗe hanyar karɓar wasu shirye-shiryensa ta tsarin da babu ruwa. Mai tambaya ba ta ɓata. In ba ki iya karatun boko ba, ki sa ɗanki ko malamarku ta Islamiyya ta karanta miki layi-layi. Ba don wasa ba aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, ta sauka a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu.

Adashin da ba ki ga 'yan zubinsa ba

Yanzu mu koma kan tambayarmu: kuɗin na wane ne? Bari in kawo miki misali da abin da duk muka sani. A ce ku goma kuna adashi, kowace na zuba naira 2,000 duk ranar kasuwa. Ke kika yi ɗaukar farko, kika kwashi 20,000. Mako ya zagayo, uwar adashi ta aiko yarinya karɓar zubi, sai ki ce, "Je ki ce rabona ne na ci." Za ki iya? Wallahi ba za ki iya ba. Ba tsoron ɗan sanda ne zai hana ki ba. Abin da zai hana ki shi ne kin san fuskar mata taran nan. Kin san wadda ke jiran ɗaukarta don ta sayi buhun gyaɗa da kaka, kin san wadda za ta yi wa 'yarta kayan ɗaki.

To, rancen gwamnati adashi ne babba. Bambancinsa kawai shi ne ba ki ga fuskar sauran 'yan zubin ba. Gwamnati ba ta da gona, ba ta da kasko. Abin da ke hannunta na jama'a ne: kuɗin man fetur da Allah Ya ajiye wa kowa, da harajin da ake karɓa. Ke kanki kina zubi ba ki sani ba. Duk lokacin da kika sa kati a waya, akwai harajin da ake cira, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a 2020. Mai soya kifi a bakin madatsar ruwa ta Challawa tana zubi, mai sayar da mazarƙwaila a Rogo tana zubi, marainiyar da ba ta san ma ana rabo ba tana da haƙƙi a ciki. Abin da aka ce ba na kowa ba ne, a gaskiya na kowa da kowa ne. Kuma wannan ya fi nauyi. In kika ci haƙƙin mutum ɗaya, kin san ƙofar da za ki je neman yafiya. In kika ci na al'umma, gidan wa za ki fara?

Ki tuna abin da ya faru bayan yaƙin Khaibara a shekara ta 7 bayan Hijira. Kibiya ta sami wani hadimin Manzon Allah (SAW) ya rasu, mutane suka shiga yi masa murnar Aljanna. Sai Annabi (SAW) ya sanar da su cewa wani mayafi da mutumin ya ɗauka daga ganima tun kafin a raba yana ci da wuta a kansa. Mayafi ɗaya fa! Ashe ko ganimar ma da muke fakewa da sunanta, tana da ƙa'idar rabo.

Sakamakon rashin biya kuwa mun gan shi da idonmu. A rancen manoman nan na 2015 an raba fiye da naira tiriliyan ɗaya. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kawai aka mayar, Babban Banki ya musa ya ce kashi 52 ne. Ko da mun ɗauki maganar Babban Bankin, kusan rabi bai dawo ba a lokacin. A ƙarshen 2023 sabon shugabancin bankin ya sanar da janye hannu daga irin waɗannan rabe-raben kai tsaye. Dalilan suna da yawa, amma ba mai hankalin da zai ci gaba da ɗibar ruwa yana zubawa a kwando. Wa ya yi asara? Manomin kirki da ya biya nasa yana jiran na baɗi.

Ki kwatanta wannan da abin da aka yi a Pakistan. A 2001 wani likita mai suna Amjad Saqib ya kafa ƙungiyar Akhuwat a birnin Lahore, ya fara da bai wa wata mata da mijinta ya rasu rancen rufi 10,000 ba tare da ruwa ba. Ta yi sana'a, ta mayar. Daga nan abin ya bunƙasa har miliyoyin iyalai suka amfana, ana raba rancen a masallatai a gaban jama'a, kuma ƙungiyar na ba da rahoton cewa fiye da kashi 99 cikin ɗari na dawowa. Talakawa ne kamar mu, Musulmi ne kamar mu. Da matar farkon nan ta ce rabonta ne ta ci, da ƙila maganar ta mutu a nan.

"To ai manya ma sun ci"

Wannan ita ce hujjar da na fi ji a ajin matan aure, kuma ba zan raina ta ba. Mace takan ce, "Malama, wani ya saci biliyan yana yawo da jiniya, ni sai a ce in mayar da dubu goma? Ai haƙƙina na ƙwato." Zafin da ke cikin wannan magana gaskiya ne. Gaskiya ne an zalunci talaka, gaskiya ne hanyoyinmu da asibitocinmu ba su ga abin da ya kamata su gani ba.

Amma ki tsaya ki duba wanda kika rama a kansa. Dubu goman da kika riƙe ba daga aljihun ɓarawon biliyan ta fita ba. Shi bai ma san kina yi ba. Daga hannun matar da ke bayanki a layi ta fita, wadda za a ce mata kuɗi sun ƙare. Kin ga kenan an mare ki a kasuwa, kin dawo gida kin huce a kan maƙwabciyarki. Sannan in satar babba ta halatta wa ƙarami tasa, to kowa ya sami hujja: kansila ya ce shugaban ƙaramar hukuma ya ci, mai rubuta suna ya ce kansila ya ci, ke ki ce mai rubuta suna ya ci. Haka ƙasa take lalacewa kowa na nuna na sama da shi. Ranar hisabi kuwa ba a haɗa littafi. Nasa daban, naki daban.

Ya zo a cikin Sahihul Bukhari cewa an kawo wata gawa, Annabi (SAW) ya tambaya ko ana bin mamacin bashi. Da aka ce ana bin sa kuma bai bar abin biya ba, sai ya ja baya ya umarci sahabbai su sallace shi, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biyan. Wannan ya ishe mu tsoro.

Sai dai a rarrabe tsakanin wadda ta ƙi da wadda ta kasa. Wata ta karɓa da niyyar biya, awakin suka mutu, ko ciwo ya cinye jarin, ko tsadar gyaɗa ta karya ta. Wannan ba macuciya ba ce, kuma aya ta 280 a Baƙara ta yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Abin da ke kanta shi ne kada ta ɓuya. Ta je ta faɗi halin da take ciki, ta nemi ƙarin lokaci, ta riƙa rage abin da ya sawwaƙa, ta kuma sanar da iyalinta don kada ta mutu da shi ba wanda ya sani.

Kyautar ma da sharaɗinta

Wata za ta ce, to, tunda kyauta ba a biya, shi ke nan na huta. A'a, da sauran magana. Jihar Kano tana da mazaɓu 484. In kika raba mata 5,200 a kansu, kowace mazaɓa mace goma ce ko sha ɗaya a zagaye guda. Ƙaraye mazaɓu goma gare ta, Rogo ma goma. Yanzu ki ƙirga matan da ke sana'a a unguwarku kaɗai. Kin ga kujerun kaɗan ne, duk wadda ta zauna a ɗaya, wata ce ta tsaya.

Saboda haka idan fom ya tambaya ko kina da sana'a, kika rubuta ɗinki alhali ko zare ba ki iya sa wa allura ba, ƙarya biyu kika yi a layi ɗaya: kin yi wa hukuma, kin kuma ture tela ta gaskiya. Haka wadda ta shigar da sunanta, da na 'yarta, da na kishiyarta, da na tsohuwar da ba ta ma san an yi ba. Haka matar da Allah Ya rufa wa asiri, mijinta na da shago da mota, amma ta shiga layin zawarawa don tana da ɗan'uwa a sakatariya. Haka kuma wadda aka ba keken ɗinki ko injin markaɗe, kafin la'asar ta kai shi kasuwa ta karyar a rabin kuɗi don ankon biki. An ba ki ne don ki yi jari. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Ban ce in yunwa ta shigo gida haramun ne ki auni masara daga ciki ba. Lalura tana da hukuncinta. Amma ki yi wa kanki adalci, ke kika san bambancin lalura da sha'awa.

Mai kawo fom da kasonsa

Sai kuma wanda zai ce zai sa sunanki, amma in 50,000 ta fito, 20,000 tasa ce. Wannan ɗabi'a tsohuwa ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki irin wannan "gaisuwa" da ake kai wa masu iko a cikin Kitabul Farƙ, fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce. Malamai sun yi sassauci ga wanda aka danne wa tabbataccen haƙƙinsa, ba shi da hanyar karɓa sai ya ba da wani abu, suka ce zunubin na kan mai karɓa. Amma ki lura da kyau: wannan ga haƙƙin da ya riga ya zama naki ne. In kuwa kuɗin da kika bayar su ne suka sa aka goge sunan wata aka sa naki, to sayen haƙƙin wata kika yi. Kuma ki kiyayi duk wanda ya nemi lambar sirrin katinki ko lambar da banki ya turo miki a waya. Wannan ɓarawo ne, ko da wace riga ya zo.

Tsakaninki da maigida

Akwai gidajen da kuɗi na shigowa maigida zai miƙo hannu, wai a sayi taki. 'Yar'uwa, Musulunci ya ba mace ikon mallakar dukiyarta, kuma ciyarwa nauyin miji ne. In kyauta ce, kika ga dama kika taimaka masa da daɗin rai bayan kin tsayar da jarinki, Allah Ya ba ki lada. In kuwa rance ne, ki tuna sunanki ne a rubuce, lambarki ce a banki, ke za a bi duniya da lahira. Ki sanar da shi tun kafin ki cika fom, ku yi shawara, domin ɓoye-ɓoye ke kawo zargi. In ya buƙaci wani abu daga ciki, ku yi shi a matsayin bashi, da ranar biya, cikin ladabi da taushin murya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku kuma iyayen gida maza da wannan mujalla za ta faɗo hannunku, ku ji tsoron Allah, kada ku karya jarin da ke rufa muku asiri ranar da aljihu ya bushe.

Abin da ya rage mana

Ba ina cewa ki guji tallafi ba. In kin cancanta, ki nema da ƙarfinki, ba roƙo ba ne, ba abin kunya ba ne. Ma fi kyau ku haɗu ku kafa ƙungiya, masu man gyaɗa daban, masu kiwo daban, ku yi rajista, ku sami littafin shiga da fita, domin shirye-shirye da dama sun fi saurin sauraron ƙungiya, kuma mai cin kaso ya fi jin tsoron mata ashirin a kan mace ɗaya. Ku tambayi kansilanku yadda aka zaɓi sunaye. Wadda ta riƙe amana ita ke da bakin tambayar shugaba ina ya kai tasa. Wadda ta ci kuwa, bakinta ya riga ya ɗaure.

In kuma akwai tsohon rance a kanki, na TraderMoni ne ko na korona, kada ki ce ya wuce. Ki je banki ko ofishin da abin ya fito ki tambayi hanyar biya, ki karɓi rasit. In kin bi duk hanyoyi ba ki sami inda za ki mayar ba, ki kai maganar gaban malamin da kika amince da iliminsa ya nuna miki yadda za ki sauke nauyin. 'Ya'yanmu suna kallonmu. Yaron da ya ji uwarsa na cewa kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne, shi ne gobe zai zauna a ofis da makullin baitulmali a hannunsa, kuma karatun da ya ɗauka a tsakar gida shi zai biya.

Allah Ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, Ya wadata mu da halal, Ya raba mu da nauyin bashi da haƙƙin mutane, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana.